Aikin Mishan a Gidajen Masu Ƙanjamau da Yadda Ya Zurfafa Bangaskiyar Kirista

Aikin mishan a tsakanin iyalan da cutar ƙanjamau ta shiga gidajensu ya kankama a Afirka a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da asibitocin coci a Uganda da Zambiya suka cika maƙil da marasa lafiyar da babu maganin ba su. Aiki ne na jinya da ziyara da ba da shawara da riƙon marayu, wanda likitocin mishan da sistocin Katolika da fastoci da ɗimbin mata 'yan sa-kai suka ɗauka. An yi ta bayani kan amfanin da ya yi wa marasa lafiya. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne abin da ya yi wa masu aikin kansu. Da yawansu sun shiga da niyyar kai bishara da taimako ga mutanen da suke ganin sun ɓata, sai aikin ya tilasta musu sake duba abin da suka gaskata game da zunubi da hukunci da addu'a, har da tambayar su wane ne ikkilisiya. A kan wannan sauyi sharhin nan zai tsaya.

Likitoci a Amurka ne suka fara ba da rahoton cutar a watan Yunin 1981. A wajajen 1982 aka ga alamunta a gundumar Rakai ta Uganda, a garuruwan masunta da 'yan fasa-ƙwauri na bakin tafkin Biktoriya, inda mutane suka raɗa mata suna saboda yadda take ramar da mutum. Najeriya ta sanar da samun mai cutar na farko a 1986. A ƙasar Hausa aka kira ta ƙanjamau, a Nijar aka fi cewa sida, a bakin titi kuwa wasu na ce mata kabari kusa. A wancan zamani sunan bai yi ƙarya ba. Sai a 1996 aka tabbatar da cewa haɗin magunguna uku na danne ƙwayar cutar, kuma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Talakan Afirka da gwaji ya nuna yana ɗauke da ita, gida ake ce masa ya koma.

Amsar farko da ta fito daga mumbarin coci-coci da dama ita ce hukunci. Tun da cutar ta fi yaɗuwa ta hanyar jima'i, sai masu wa'azi suka ɗauke ta a matsayin bulalar Allah a kan mazinata. Wannan koyarwa ta yi aiki a zahiri, amma ba irin wanda aka zata ba. Mutane suka ƙi zuwa gwaji. Wanda ya san matsayinsa ya ɓoye wa matarsa. A wasu ikkilisiyoyi aka riƙa sa mai cutar a horo, a hana shi Jibin Ubangiji, wasu kuma suka daina shan ƙoƙo ɗaya don tsoro. Idan ya mutu, dangi su ce ciwon hanta ne ko sammu, fasto ya yi jana'iza a gurguje ba tare da an ambaci abin da kowa ya sani ba.

Abin da ya fara karya wannan bango ƙarancin gado ne a asibiti, kafin wani ya yi tunanin tauhidi. A asibitin Chikankata da ke kudancin Zambiya, wanda ƙungiyar Salvation Army ke gudanarwa, ma'aikata sun ga cewa idan suka ci gaba da kwantar da duk mai ƙanjamau, ba za a sami wurin mai haihuwa ko mai karaya ba. A 1987 suka fara tura tawaga da mota zuwa ƙauyuka don jinyar mutane a gidajensu. A shekarar dai, Sista Ursula Sharpe ta fara irin wannan aiki daga asibitin Kitovu da ke Masaka a Uganda, Sista Miriam Duggan kuma daga asibitin Nsambya a Kampala. Daga baya tsarin ya bazu ko'ina a nahiyar, coci-coci suka horar da mutanen unguwa su zama masu ziyara.

Yana da kyau a duba yadda irin wannan ziyara take a wancan lokaci, domin a cikinta komai ya faru. Mai ziyarar yawanci mace ce daga cocin unguwar, ba ma'aikaciyar jinya ba, an dai ba ta horo na 'yan makonni. A jakarta akwai sabulu, da safar hannu ta roba, da man shafawa, da ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa, da 'yan ƙwayoyin rage zafi. Takan tarar an keɓe mara lafiyar a ɗakin baya, an ware masa kwano da cokali da kofi, ana ajiye abinci a bakin ƙofa. Tabarmarsa ta jiƙe saboda gudawar da ba ta tsayawa, bakinsa ya yi fari da ƙuraje har haɗiyar ruwa na yi masa wuya, bayansa ya fara gyambo don daɗewa a kwance. Sai ta ɗora ruwa, ta yi masa wanka, ta juya shi, ta goge masa baki, ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta ba shi cokali-cokali. Tana yi tana kiran matar gidan ko babbar 'yarsa ta matso ta gani, tana nuna musu inda ake buƙatar safar hannu, wato wajen taɓa jini da ciwo, da inda ba a buƙata. Masu ziyara da yawa sukan ɗauki kofin da aka ware su sha ruwa da shi a gaban kowa. Cutar ba ta bin kofi ko musafaha ko cizon sauro, amma faɗin hakan da baki bai cika shiga kunnen mutanen gida ba sai sun ga wani ya sha. Addu'a ce ke zuwa a ƙarshe, idan mara lafiyar ya so.

A cikin waɗannan ɗakuna ne koyarwar hukunci ta fara gagarar masu riƙe da ita. Wadda ke kwance sau da yawa matar aure ce da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta. Kusa da ita ga jariri da ya ɗauka a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Ga wanda ya samu ta ƙarin jini bayan haɗarin mota. Ga tsohuwa da ta binne 'ya'yanta, jikoki sun dawo hannunta. Mai ziyarar da ta zo da tambayar wa ya yi laifi ba ta da abin yi da amsar, ko da ta same ta, domin wankan da za ta yi wa mai laifi shi za ta yi wa marar laifi. Hatta inda mutum ya san ta hanyar da ya kwaso cutar, masu aikin sun lura cewa tunatar da shi bai taɓa ƙara masa tuba ba, sai dai ya sa ya rufe bakinsa, matarsa kuma ta rasa damar zuwa gwaji.

Daga nan aka koma ga Littafi Mai Tsarki da wani ido. Labarin da ya fi yawo a tarurrukan horar da masu ziyara shi ne na sura ta 9 ta Bisharar Yohanna, inda almajirai suka ga mutumin da aka haifa makaho suka nemi sanin ko laifinsa ne ko na iyayensa, Yesu kuwa ya ƙi duka biyun, ya juya maganar zuwa ga aikin da ya kamata a yi. Na biyu shi ne na kuturun da ke farkon Bisharar Markus, wanda Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi alhali dokar zamanin ta keɓe irinsa. Waɗannan labarai ba baƙi ba ne ga duk wanda ya taso a makarantar Lahadi. Bambancin shi ne yanzu mai karanta su ta fito ne daga ɗakin da aka hana kowa shiga, kuma gobe za ta koma.

Taɓa wanda jama'a ke ƙyama ba sabon abu ba ne a tarihin mishan, kuma arewacin Najeriya shaida ce. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM ya karɓi kula da asibitocin kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Kafin nan akwai na Garkida, daga baya kuma aka buɗe na Danja kusa da Maraɗi. Sai dai akwai bambanci babba. Kuturu a tunanin ma'aikacin mishan wani ne can, wanda ake zuwa wurinsa a taimaka masa a dawo gida. Ƙanjamau kuwa tana cikin ƙungiyar mawaƙa, tana cikin majalisar dattawan coci, tana gidan fasto. Layin da ya raba mai taimako da wanda ake taimakawa ya goge, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi yi wa ikkilisiya wuyar haɗiya.

Wanda ya fito da wannan gaskiya fili shi ne Gideon Byamugisha, limamin cocin Angilikan a Uganda kuma malami a kwalejin tauhidi ta Bishop Tucker da ke Mukono. Matarsa ta farko ta rasu a 1991. Daga baya ya ji cewa tana ɗauke da cutar, ya je gwaji, sakamako ya nuna shi ma yana da ita. A 1992 ya fara faɗa wa abokan aikinsa da ɗalibansa, ya zama shugaban addini na farko a Afirka da ya bayyana hakan a fili. A 1998 jikinsa ya yi tsanani har aka fara cire rai, sai bishop ɗinsa na Namirembe, Samuel Ssekkadde, ya nemi taimako aka samo masa magani. Ya warware, ya ci gaba da aiki, kuma a farkon shekarun 2000 ya jagoranci kafa ƙungiyar shugabannin addini masu ɗauke da cutar, wadda ta haɗa Kiristoci da Musulmi. An ba shi lambar zaman lafiya ta Niwano a 2009. Babbar gudummawarsa ga tunanin coci ita ce raba abu biyu da ake cakuɗawa, wato abin da ya halatta da abin da ba shi da haɗari. Kwanciyar aure halal ce, amma idan ɗaya na ɗauke da cutar ba a sani ba, halaccinta ba ya kare ɗayan. Wa'azin da ya tsaya ga hana zina kaɗai ya bar matan aure masu aminci a buɗe, kuma su ne masu ziyara suka fi tararwa a kwance.

Shugabannin coci sun biyo baya, ko da yake sun makara. A watan Nuwamban 2001 Majalisar Coci-coci ta Duniya ta kira taro a Nairobi, inda mahalarta suka amince a rubuce cewa shirun coci da tsangwamarta da irin fassarar da ta yi wa Nassi sun taimaka wajen yaɗuwar cutar. A 2002 shugabannin cocin Angilikan na duniya suka fitar da sanarwa cewa ƙanjamau ba hukuncin Allah ba ce. A shekarar kuma Majalisar Coci-coci ta Duniya ta kafa shiri na musamman domin Afirka, malamar tauhidi Musa Dube ta Botswana ta yi aikin shigar da darasin cutar cikin manhajar makarantun horar da fastoci. Wata magana ta yaɗu a lokacin, cewa jikin Almasihu na ɗauke da ƙanjamau. Ta girgiza mutane da yawa, amma tushenta koyarwar Bulus ce ga Korintiyawa, cewa ikkilisiya jiki ɗaya ce, ciwon gaɓa ɗaya kuma na dukan jikin ne. Ya kamata a lura cewa waɗannan takardu sun zo ne shekara 14 bayan mata 'yan sa-kai sun fara shiga gidaje. Abin da bishop-bishop suka sa wa hannu, matan nan sun riga sun gano shi a bakin tabarma.

Addu'a ma ta sauya. Mai ziyara a shekarun 1990 ta roƙi waraka ga mutane da yawa, ta kuma bi gawar kusan dukansu. Bangaskiyar da ta ginu a kan cewa mai ibada ba ya wahala, ko cewa addu'ar gaskiya dole ta kawo lafiya, ba za ta iya jure wannan ba. Wasu masu aikin sun gaji sun bari, wasu imaninsu ya yi rauni bai farfaɗo ba, kuma bai kamata a ɓoye hakan ba. Waɗanda suka daure sun koma ga sassan Littafi Mai Tsarki da wa'azin nasara ke tsallakewa, wato littafin Ayuba, da Makoki, da zaburoyin kuka inda mai addu'a ke tuhumar Allah da jinkiri. Suka koyi roƙon ƙananan abubuwa: barci na dare ɗaya, sulhu tsakanin mai ciwo da ɗan'uwansa kafin ya cika, kuɗin makarantar yaran da za a bari. Suka koyi zama shiru kusa da mai mutuwa ba tare da jin dole sai sun bayyana masa dalilin wahalarsa ba. Kuma da yawansu sun shaida cewa sun tarar da bangaskiyar da ta fi tasu ƙarfi a wurin waɗanda suka je ƙarfafawa, kamar matar da ta yafe wa mijin da ya sa mata cutar ta kuma yi jinyarsa har ƙarshe. Ga Katolika musamman, sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, inda Almasihu ya ɗauki ziyarar mara lafiya a matsayin ziyartarsa shi kansa, ta zama ginshiƙin aikin. A kan wannan fahimta ce Uwa Teresa ta buɗe gidan jinyar masu ƙanjamau a birnin New York a ƙarshen 1985.

Shiga gida ya kuma nuna cewa cutar ta iyali ce. Idan maigida ya kwanta, gona ta tsaya, ana sayar da akuya da keke don magani, ana cire 'ya mace daga makaranta ta yi jinya. Idan ya mutu, dangi kan zo su kwashe kaya su bar gwauruwa da marayu, har su ɗora mata laifin kashe shi. Tausayi kaɗai ba ya warware irin wannan, sai an shiga maganar gado da al'ada da doka. A yankin Chikankata akwai al'adar tsarkake matar mamaci ta hanyar kwanciya da wani ɗan'uwan mijin. Ma'aikatan asibitin ba su yi shelar haramta ta daga mumbari ba. Zama suka yi ta yi da hakimai da dattawa, har jama'a da kansu suka yarda a koma ga wasu hanyoyin tsarkakewa da al'adar ta riga ta sani, waɗanda babu jima'i a cikinsu.

A Kenya, Fada Angelo D'Agostino, limamin Katolika kuma likita, ya buɗe gidan Nyumbani a Nairobi a 1992 da yara uku da aka yasar saboda gwaji ya nuna suna da cutar. Da yaran suka isa shiga makaranta, makarantun gwamnati na kusa suka ƙi karɓarsu. Gidan ya kai ƙara kotu, kuma a farkon 2004 aka tilasta karɓarsu. Kafin rasuwarsa a 2006 ya assasa wani ƙauye a Kitui inda ake haɗa kakannin da suka rasa 'ya'yansu da marayu su zauna a matsayin iyali. Mutumin da ya fara da ba jarirai madara ya ƙare a gaban alƙali, kuma haka abin ya kasance ga masu aikin da yawa. Koyarwar annabawa game da haƙƙin gwauruwa da maraya, wadda a da ake karantawa a wuce, ta zama aikin ranar Litinin.

Zuwan magani ya juya aikin gaba ɗaya. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magungunan a kan dala 350 a shekara. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, ƙungiyar Katolika ta Sant'Egidio kuma ta fara ba da maganin kyauta a Mozambik, a lokacin da masana da yawa ke cewa talakan Afirka ba zai iya kiyaye lokacin sha ba. A 2003 shugaban Amurka George W. Bush ya sanar da shirin yaƙi da ƙanjamau mai suna PEPFAR, na dala biliyan 15 cikin shekara 5, kuma kaso mai tsoka na aikin ya bi ta asibitocin mishan. Mutanen da aka kawo a kan katifa suka koma gona bayan 'yan watanni, har aka riƙa kwatanta abin da tashin Li'azaru daga matattu. Masu ziyara da suka saba shirya mutum ga mutuwa sai suka koma shirya shi ga rayuwa: ƙirga ƙwayoyi, tunatar da lokacin sha, neman abinci domin maganin na buɗe ciki, neman sana'a, da amsa tambayar ko zai iya aure ya haihu. Amsar ita ce e. Ba tare da magani ba, tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100 na jariran iyaye mata masu cutar kan ɗauka. Da magani da kulawa adadin kan sauko ƙasa da kashi 5.

A Najeriya birnin Jos ne ya fi yin fice a wannan fage. A 1996 Dokta Christian Isichei, malami a Jami'ar Jos, ya kafa gidauniyar Faith Alive, wadda ta fara da ba da shawara ta girma ta zama asibitin da ke duba mutane kyauta. Gidauniyar Mashiah ta mayar da hankali ga gwauraye masu ɗauke da cutar, tana koya musu ɗinki don su riƙe 'ya'yansu. Asibitin Evangel na ECWA, wanda kowa ya sani da Jankwano, ya buɗe sashe na musamman domin gwaji da shawara da magani. A ƙauyuka kuwa nauyin ya fi faɗawa kan Zumuntar Mata ta coci, waɗanda dama su ne ke kai ziyarar mara lafiya da gaisuwar mutuwa. Wani abin lura shi ne, a garin da rikicin 2001 da na 2008 suka raba unguwanni tsakanin Musulmi da Kirista, layin karɓar magani na cikin wuraren da mutanen ɓangarorin biyu suka ci gaba da zama a benci ɗaya.

Aikin yana da aibobinsa, kuma wasunsu sun ci rayuka. Mafi muni shi ne na masu wa'azin da ke ce wa mutum ya warke ta addu'a, ya zubar da magani don ya nuna bangaskiya. Wanda ya daina sha, ƙwayar cutar na dawowa, wani lokaci ta dawo ba ta jin maganin farko. Masu aikin gida-gida ne suka fi kowa yaƙar wannan, domin su ke tarar da sakamakon bayan an tashi daga taron mu'ujiza, kuma a wurinsu shan ƙwaya a kan lokaci ɓangare ne na godiya ga Allah. Na biyu shi ne gwajin dole kafin aure da coci-coci da yawa suka shimfiɗa. Manufar kare rai ce, amma inda sakamakon ke zuwa hannun kwamiti kafin ya je hannun masu shi, ko inda ake fasa ɗaurin aure a bar jama'a su fahimci dalili, an mayar da gwajin abin tonon asiri. Dokar hana nuna wariya ga masu cutar da Najeriya ta yi a 2014 ta kare sirrin sakamakon gwaji, sai dai sanin dokar bai kai ko'ina ba. Akwai kuma masu haɗa taimako da neman tuba, su sa mara lafiya ya ji cewa abincinsa ya dogara ga halartar sujada. Asibitocin mishan da suka san abin da suke yi sun haramta wannan, kuma sun yi daidai, domin amincewar da aka karɓa daga mai yunwa ba ta da daraja ko a ma'aunin bisharar kanta.

Batun kwaroron roba ya raba kan masu aikin da shugabanninsu. Cocin Katolika a hukumance ba ta yarda da shi ba, kuma kalaman Paparoma Benedict a kan hanyarsa ta zuwa Kamaru a watan Maris na 2009, cewa raba shi ba zai magance matsalar ba, sun jawo ce-ce-ku-ce a duniya. Amma Bishop Kevin Dowling na Rustenburg a Afirka ta Kudu, wanda ya daɗe yana aiki da matalautan mata a unguwannin bukkoki da ke kewaye da ma'adinai, ya fito fili tun 2001 ya ce inda rai ke cikin haɗari amfani da shi kare rai ne. Bai bar cocinsa ba, bai kuma janye ba. Sistoci da ma'aikatan jinya da yawa sun bi irin wannan hanya a shiru, musamman ga ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita.

Kuɗi ma ya kawo nasa gwajin. Da tallafin waje ya yi yawa, wasu ayyukan coci suka rikiɗe suka zama ofisoshin cike takardu da rahoton adadi, ziyarar gida ta ja baya. Matan da suka ɗauki nauyin tun farko kuwa yawancinsu ba a taɓa biyansu ba, alhali su ma talakawa ne, wasunsu ma suna ɗauke da cutar. Yaba musu a ranar Lahadi bai biya musu kuɗin mota ba.

A yau fuskar cutar ta sauya. Babban binciken da Najeriya ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ita, kimanin mutum miliyan 1.9 ke nan gaba ɗaya, ƙasa ƙwarai da kashi 5.8 da aka ƙiyasta a 2001. Bincike ya tabbatar da cewa wanda ke shan magani har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Jariran da aka haifa da ita a farkon zuwan magani sun zama samari da 'yan mata, suna da tambayoyin da ba a shirya musu amsa ba: yaushe za a faɗa wa wanda ake nema da aure, kuma me ya sa iyaye suka ɓoye. Har yanzu Najeriya na cikin ƙasashen da jarirai suka fi kamuwa, saboda mata da yawa ba sa zuwa awon ciki. Sannan a watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin waje, abin da ya girgiza asibitoci da ma'aikatan unguwa a ƙasashe da dama. An ci gaba da ba da maganin ceton rai, amma ayyukan bibiya da ziyara da kula da marayu su ne suka fi jin jiki.

Waɗannan kuwa su ne ayyukan da coci ta fara da su a 1987, lokacin da babu tallafi kuma babu magani. Ikkilisiyar da ke da mace mai ciki da ba ta je awo ba, ko matashin da ya daina karɓar maganinsa don kunya, ko gwauruwar da aka kore ta daga gidan mijinta, ba ta buƙatar jiran wata ƙasa kafin ta motsa. Ya kamata majalisun dattawan coci su ware wa masu ziyara kuɗin mota a cikin kasafin shekara, su kuma tabbatar da cewa sakamakon gwajin aure na zuwa hannun masu shi kaɗai.